An Yi Kyauta Da Randebun Indo

Duk matar da ta taɓa goya yaro ta kai shi gidan likitan unguwarmu, wato asibiti, a da, ba sai an ba ta labarin wahala ba. Ki fito tun gari bai gama wayewa ba, ki zauna kan dakali, yaro na kuka, ke ma kina yi a zuci, sai azahar ta yi a ce lokotoro, wato dokta, ya tashi, a dawo gobe. To yanzu kam an gyara, wallahi an gyara! Randebu ake ba mutum. Ki ba da lambar tarho, su kira ki su ce rana kaza da hantsi ki zo. Ki je, a kira sunanki, a duba ki, ki dawo ki tarar garwashin murhunki bai mutu ba. Mata sai sa albarka suke yi.

Amma akwai gidan da gyaran nan ya shiga ya zama tsiya, kuma ba laifin mutanen likita ba ne. Gidan Nomau ke nan.

Nomau dillali ne a kasuwar kayan garka ta nan Agadas. Masu garka na Timia da Dabaga, ƙauyukan cikin duwatsu, in sun sauko da lemu da albasa da rumman, gidansa suke sauka. Shi ke sayar musu, matarsa Indo ke dafa musu. Zaurensa ba ya rabuwa da baƙi, tukunyar Indo kuwa ba ta sauka daga wuta.

Idon Indo da ciwon kai ya soma. Sai kuma in ta dubi fitila ta ga zobe-zobe kewaye da ita. Sai ta fara bugun bakin ƙofa da kafaɗar hagu, ƙofar da ta yi shekaru tana shiga. Da ƙyar Nomau ya samu sarari ya kai ta. Majo, wato babban mai jinya na ɗakin ido, ya auna ya sake aunawa, ya ce tansiyon ido ne, ruwan cikin idon ya yi ƙarfi yana danne jijiya. Ya ba ta maganin ɗigawa, ya ce wannan na riƙon ƙwarya ne, dole lokotoron ido ya gan ta. Shi kuwa daga Yamai yake zuwa, ya yi ƴan kwanaki ya koma, sai kuma wani zuwan.

"Kar ki yi wasa, Hajiya," in ji majo. "Ciwon nan abin da ya ci ba ya mayarwa."

A teburin randebu wata budurwa ce, Sadiya, ta ce, "Maman, lambarki?"

Indo ta buɗe baki ke nan, Nomau ya tare ta.

"Sa tawa. Ni ba a kiran matata a tarho, kowane ƙato ya riƙa alo alo."

"Ai ni zan kira, Baba. Mace ce ni."

"Yau ke ce. Gobe wa ya sani?"

Aka yi dariya, har Indo ta murmusa. Aka sa lambar Nomau.

Aka kwana aka tashi, maganin ɗigawa ya ƙare, aka sayo wani, shi ma yana neman ƙarewa. Rannan sai ga Nafi ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu. Nafi maƙwabciyarsu ce, haihuwarta ta fari ke nan, kuma tun da ta samu Jamilu bakinta bai rufu ba.

"Tanti Indo! Kin ga har mun dawo? Allura aka yi masa, ko kuka bai yi ba, namijin duniya! Muna zuwa aka kira mu, wallahi ko zama ban gama yi ba. Kai, mutanen nan Allah ya biya su. Af, na ga ma lokotoronku na ido ya zo, tsofaffi cike da rumfa. Yaushe ne naki?"

Indo ta ajiye ludayi. Da Nomau ya shigo ɗaukar abincin baƙi ta ce, "Baban Hafsa, wai lokotoro ya zo. Ba su kira ba?"

"Sun kira. Sun ce na'urar aunawa ta lalace, an ɗage naki."

"To ga shi Nafi ta ce ana ta ganin mutane."

"Nafi ce lokotoro? Miƙo min tiren nan, baƙi na jira."

Ta miƙa. Ta haƙura.

Idon hagu ya ci gaba da rufewa daga gefe, kamar ana jawo labule a hankali. Ta kai hannu ɗaukar murfin tukunya ta dafa butar shayi mai tafasa da ke hagunta, ba ta gan ta ba, tafin hannun ya tashi. Haka ta ɗaure shi da tsumma ta tuƙa tuwon mutum goma sha. A gidan suna ta wuce ta gaban wata ƙanwar uwarta ba ta gaishe ta ba, don matar tana zaune ta hagu. Kafin la'asar magana ta zaga dangi, wai Indo ta fara girman kai tun da mijinta ya sayi babur. Ta je ta ba da haƙuri, ta ce ido ne. Aka ce, "Ido? Ga su nan garau muna gani." Daga nan ta daina zuwa taro.

Lokotoro ya sake zuwa. Nafi ce ta sake kawo labari. Wannan karon Nomau cewa ya yi an kira, amma uwar lokotoron ba lafiya, zai koma Yamai da wuri, sai waɗanda ciwonsu ya yi tsanani zai gani.

Ranar Indo ta yi faɗa, amma da Nafi ta yi shi.

"Ke dai kin ishe ni da yabon mutanen nan. Ku masu jarirai ake wa gata. Mu da muka kwana biyu a duniya sai a yi ta ɗage mu kamar taron da ba abinci."

"Haba Tanti! Wallahi ba sa haka. Ni ko sau ɗaya..."

"Ke ko sau ɗaya. To ni fa? Gara lokacin da, in na kwana a dakali na san dai ƙafata ce ta kai ni."

Nafi ta gyara goyonta ta fita, ranta a ɓace. Kwana da kwanaki ba ta leƙo ba.

Da lemun Timia ya nuna, Issouf ya sauko da kamyo guda, wato babbar motar kaya, cike da shi. Shi ne babban baƙon Nomau, garkarsa ta fi ta kowa. Ya zo da mahaifiyarsa, Inna Asiya, wata tsohuwa siririya cikin baƙin zane. Indo ta tuna ta. A wancan zuwan da sanda aka jawo ta, ta kwana a ɗakin baƙi, aka ce ganin dangi ta zo. Yau kuwa da ƙafarta ta ratso tsakar gida, ta tsallake turmi, ta zo ta kama hannuwan Indo biyu.

"Ɗiyata, ke ce Indo? Bari in gan ki da kyau. Wancan zuwan muryarki kawai na ji."

"Sannu da hanya, Inna. Ya dutse?"

"Dutse lafiya. Ke dai Allah ya ba ki aljanna. Yanar ido ce ta rufe min su duka biyu, aka cire. Yanzu ni ke zura zare a allura da kaina. Na ce wa Issouf ba zan mutu ba sai na zo na ga matar da ta bar min randebunta."

Ta kwance wani ƙullin zane, rumman ne manya jajaye, ta tura gaban Indo.

Indo ta dubi rumman. Ta ce, "Randebuna, Inna?"

"Eh mana. Maigidanki ya ce ke da bakinki kika ce a ba ni, naki ɗan ƙaiƙayi ne ya wuce. Ya kira likita a gabanmu aka sauya suna. Ai har Dabaga ana maganar kirkin gidan nan. Wani mai albasa ma an ce ya samu ta hannunku. Yanzu duk mai ciwon ido cewa ake, sauka gidan Nomau."

Tsohuwar tana magana tana kallon fuskar Indo. Can ta matso kusa. Ta ɗaga hannu ta kaɗa shi ta gefen hagun Indo. Indo ba ta ƙifta ba.

"La ilaha illallahu," in ji Inna Asiya a hankali. "Ɗiyata, naki fa?"

Indo ta kau da kai. Ta tattara rumman ta yi godiya, ta kawo wa tsohuwa ruwa, ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Baƙuwa ba ta da laifi.

Sai bayan la'asar ta samu Nomau shi kaɗai, yana hura gawayin shayi a bakin ɗakinsa.

"Baban Hafsa, na'ura ce ta lalace?"

Ya ɗago, ya dube ta, ya dubi inda tsohuwa ke kwance. Ya gane. Ko kunya bai ji ba, ƙara hura wuta ya yi.

"To, an faɗa miki ke nan. Indo, ki yi wa Allah ki yi tunani. Matar nan daga cikin duwatsu aka ɗauko ta, yini guda a bayan kamyo. In ba ta samu ba sai ta koma haka? Ke kuwa kina cikin gari, likita ga shi ga ki, ko yaushe kina iya zuwa."

"Ko yaushe? Lokotoron a gari yake kwana?"

"Ita ko ɗaya ba ta gani. Ke kina da biyu."

"Da ina da biyu."

"Kar ki yi wa kanki mugun baki. Kuma baƙonka annabinka, ba ni na faɗa ba. Kin san dillalai nawa ke zawarcin Issouf? In ya sauka wani gida, lemun nan da kike gani ya tafi ke nan. Tuwon da kike tuƙawa daga ina kike zaton yake fitowa?"

"Da ka tambaye ni."

"Da na tambaye ki ai yarda za ki yi, na san halinki. Shi ya sa ban wahalar da ke ba. Ladan ma naki ne."

"To me ya sa ka ce na'ura ce?"

Nan ya zuba shayi ya mayar, ya zuba ya mayar, har kumfa ta tashi. Ya ce, "Shi ke nan. Na gaba naki ne, na rantse. Je ki duba tukunya, ina jin ƙauri."

Indo da kanta ta dafa bango ta shiga gidan su Nafi ta ba ta haƙuri. Da ta faɗa mata abin da ya faru, Nafi ta dafe ƙirji, ta sauke yaro, ta sake ɗaukarsa, ta rasa inda za ta sa kanta.

"Yanzu Tanti da idonki ake saukar baƙi? Wasu su yanka kaza, shi ya yanka randebu?"

"Rufe bakinki, mijina ne."

"Na rufe. Amma wallahi daga yau ni ce tarhonki. Motar lokotoron nan tana shigowa gari za ki ji."

Haka kuwa aka yi. Da ya sake zuwa, tun ranar farko Nafi ta kawo labari. Indo ta yi wanka, ta fitar da mayafinta na fita ta ajiye a bakin gado, tana jiran Nomau ya faɗi rana. Rana ta farko shiru. Ta biyu shiru. A zaure kuwa akwai sabbin baƙi daga Dabaga, cikinsu da wani dattijo da ake ja wa hannu zuwa bayan gida. Indo tana jin ƙarar sandarsa a ƙasa.

Da ta tare Nomau da safe, bai ma yi ƙarya ba.

"Wan limamin Dabaga ne. A gaban jama'a aka roƙe ni, na ce to. So kike in zama ƙaramin mutum? Wannan ne na ƙarshe."

"Ka rantse fa."

"Zan yi kaffara. Azumi ne, ni zan yi, ba ke ba."

Ya hau babur, ya ɗora dattijon a baya, suka tafi.

Indo ta tsaya a tsakar gida. Ga shinkafa a jiƙe, ga albasa ba a yanka ba, ga baƙi a zaure. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa fita ba da izini ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauki mayafin, ta ƙwala wa Nafi kira ta kan katanga.

A gidan likita Sadiya ta gane ta. Ta ce, "Maman! Kin warke aka ce. Duk zuwan lokotoro sai na sa ki a gaba saboda majo ya ce naki na gaggawa ne, sai maigidanki ya kira ya ce kin bar wa wani."

"Kuma ba ki nemi jin bakinta ba?" in ji Nafi.

"Ta ina? Lambarsa ce. An ce mana mai lamba shi ke da iko ya sauya, don a sauƙaƙa wa mutane." Sadiya ta duba littafinta. "Yau kuma an cika. Amma ku zauna, ko zan rasa aikina sai ya gan ta."

Suka zauna kan dakalin nan na da, wanda yanzu ba mai zama a kansa. Rana ta take. Jamilu ya yi kuka ya yi barci ya farka. Nomau ya fito da dattijonsa ta ɗaya ƙofar, Nafi ta gan shi, ta ja bakinta ta yi shiru. Indo ba ta gan shi ba, ta hagunta ya bi.

Sai da kowa ya watse aka shigar da ita. Lokotoro ya haska ido, ya rufe dama ya ce ta faɗi yatsu nawa. Ba ta ga yatsu ba, ba ta ga hannu ba, ko hasken taga ba ta gani ba. Ya ajiye fitilarsa da ƙarfi.

"Madam, me ya sa? Ba mu ba ki randebu ba? Mun gyara aiki don kar irin wannan ta faru, ku kuma ku zauna gida sai ido ya mutu ku zo!"

Indo ta sunkuyar da kai. Ta yaya mace za ta tona mijinta gaban baƙon namiji? Ta ce, "Allah ne bai yi ba."

"Ba Allah ba ne, Dokta, wato Allah ne, amma mijinta ne!" Nafi ta fashe, ta zazzage komai, har da rumman.

Lokotoro ya ɗauki fitilarsa ya haska na dama. Sannan ya ce na hagu ya tafi, ba mai dawo da shi. Na dama ma an ci gefensa, amma in aka yi aiki kafin ya koma Yamai, ana iya tsare abin da ya rage. Ya kira Sadiya ya ce jibi da safe, kuma daga yau ba a sauya randebun kowa sai an ji muryar mai ciwon da kansa. Aka goge lambar Nomau aka sa ta Indo.

A bakin ƙofar fita an ajiye tuluna biyu, ɗaya an shafa masa kore, ɗaya ja, da kwanon tsakuwa a tsakani. Sadiya ta ce sabon abu ne, don waɗanda ba su yi lakwal ba, wato boko, su ma a ji ra'ayinsu. Wanda ya ji daɗin yadda aka karɓe shi ya jefa a kore, wanda bai ji ba ya jefa a ja.

Indo ta ɗauki tsakuwa ta ce, "Nafi, kai hannuna kan koren." Ta jefa, ta ce, "Ku kam kun yi naku." Sai ta sake laluba kwanon ta ɗauki wata, ta ƙulle a bakin mayafi.

"Maman, ɗaya ake ɗauka."

"Wannan ba taku ba ce, ɗiyata."

Da suka iso gida zaure cike yake. Ba a ci abincin rana ba, Nomau ya sayo gurasa da nama yana ta ba baƙi haƙuri, wai uwargida ce ba ta jin daɗi. Yana ganinta ya haɗe rai.

"Daga ina? Da izinin wa?"

Indo ba ta bi ta ƙofar mata ba. Ta shiga tsakiyar zauren, ta gaida baƙi ɗaya bayan ɗaya, tana juya kai gaba ɗaya don ta ga na hagu. Ta ce wa dattijon Dabaga Allah ya ƙara sauƙi. Sannan ta durƙusa gaban mijinta kamar yadda ta saba, ta kwance bakin mayafi, ta ajiye tsakuwar a kan tiren shayi, tsakanin kofuna. Ƙarar ta fito ƙwas.

"Mene ne wannan?"

"A likita aka ba ni. An ce in jefa inda ban ji daɗin yadda aka yi da ni ba." Ta miƙe. "Na hagu ya mutu, Baban Hafsa. Jibi za a yi aikin na dama. Shi kaɗai ya rage, kuma na riga na yi masa mai shi, ni ce."

 Dattijon Dabaga ya tambayi na kusa da shi abin da ake ciki, aka raɗa masa, ya ɗora hannu a ka. Nomau ya buɗe baki ya ce, "Ƙaddara ce, kowane bawa..." Ba wanda ya ce masa haka ne. Ya zuba shayi ya miƙa, kofin ya tsaya a hannunsa, ba wanda ya karɓa.

An yi aikin, na dama ya tsaya. Indo tana gani, amma kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Har yau Nomau cewa yake shi taimako ya yi, kuma akwai masu gyaɗa masa kai. To jama'a, likita sun gyara layinsu, sun gyara ƙofarsu. Wa zai shiga gidaje ya gyara mai kyauta da abin da ba nasa ba? A fita waje a sha yabo, a ce wane akwai kirki, wane hannunsa a sake, alhali a cikin gida akwai wadda ta biya, ba a ko tambaye ta ba. In za ka yi wa baƙo karamci, Malam, naka idon ma biyu ne.